Ƙoƙon Shayin Sermo

A Tarchung, wani ƙauye can cikin duwatsu masu ƙanƙara, in an miƙo maka shayi, ba ka karɓa a tayin farko. Sai ka ɗora tafin hannu a bakin ƙoƙo ka ce ka ƙoshi. Mai gida ya ce haba. Ka ce da gaske ne, yanzu ka sha a gida, ko da kuwa tun safe ba abin da ya ratsa maƙogwaronka. Ya ture hannunka da bakin buta, kai kuma ka janye kamar an fi ƙarfinka, sannan ya zuba. Haka aka taso aka tarar ana yi, kuma wanda ya karɓa da rawar jiki, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Gida ɗaya ne a ƙauyen aka daina wannan kara, gidan Meme Rabgyas, wato dattijo Rabgyas masaƙi, na ƙarshe kafin hanya ta fara hawa zuwa gidan sufaye. Can in ka ce ka ƙoshi, sai ya ce to, ya mayar da buta kan murhu. Baƙi da yawa sun fito daga gidan da busasshen baki suna tambaya ko tsohon yana cikin hankalinsa. Ƙalau yake. Wata 'yar karya ce ta koya masa.

Rabgyas ɗan masaƙi ne, jikan masaƙi. In an gama girbin sha'ir, mata sun kaɗa ulun da suka tara, sai ya ɗaure masaƙarsa a bayan jaki ya bi gida-gida. A kafa masa ita a tsakar gida inda rana ke faɗuwa, ya zauna ya yi ta jefa ƙoshiya har inuwa ta cim masa. Ba mai magana ba ne. Matan ƙauyen sukan ce za ka iya barin sirrinka kusa da shi kamar yadda za ka bar shi kusa da tukunya. Hannunsa ne ke da baki. In ya shafa zare, ya san wace ce ta kaɗa shi, ya san ko ranta a ɓace yake lokacin.

Matarsa Kunzes daga ƙetaren kogi aka kawo ta, kuma maganar da bai yi ba duk ita ta yi masa. 'Ya ɗaya ta rayu musu, Chuskit, wadda ta yi aure a birnin Leh tana sayar da kayan ulu a kasuwa.

Wata shekara Rabgyas ya saƙa wa wani tsohon sufi bargo, ya ƙi karɓar komai. Da ƙanƙara ta narke, sai ga sufin ya gangaro yana dogara sanda, ƙirjin rigarsa yana motsi. Ya zauna, ya sha shayi bayan an yi ta fama da shi, sannan ya sa hannu ya zaro 'yar kwikwiya mai ruwan zuma, ba ta fi dunƙulen ulu ba. Apso ce, irin ƙananan karnukan nan masu dogon gashi da sufaye ke kiwo. Irinsu ba a saye, ba a sayarwa, sai dai a ba ka. Kunzes, da idonta ya riga ya cika da ita, ta ɓoye hannuwa a baya.

"A'a, ranka ya daɗe, mu su wa? Ka kai gidan manya."

"Manya sun ƙoshi," in ji sufin. "Karɓi, hannuna ya gaji."

"Ba mu iya riƙon irinsu ba."

"Ita za ta koya muku."

Ya ajiye ta a cinyarta ya tashi. Suka sa mata suna Sermo, wato mai ruwan zinariya a harshensu, saboda launinta.

Sermo ta girma ba ta wuce tsayin kwandon garwashi ba, amma ba ta taɓa sanin haka ba. Gashi ya sauko mata har ƙasa, ya rabu biyu a tsakiyar baya, jela ta naɗe a sama, haƙoran ƙasa sun ɗan leƙo kamar tsohuwar da ke shirin faɗin wata magana marar daɗi. Wurin zamanta bakin taga ne. Tun mutum yana can wajen gada take jin takunsa, ta yi haushi siriri, sai ƙaton karen da ke ɗaure a ƙofa ya farka ya karɓa da tasa muryar, kamar shi ya fara ji. Baƙo kuwa ba ta zuwa gare shi. Ta zauna nesa ta kalle shi ta cikin gashi har sai ta gama shawara, kuma shawarar takan ɗauki shekara. Yaran da suka ɗauke ta abin wasa suka cafke ta ta baya sun sha gurnani. In an kira ta, sai ta ga dama. Mutane sukan ce irin waɗannan karnuka sufaye ne da suka yi sanyin jiki wajen addu'a a wata rayuwar, aka dawo da su su ƙarasa a kusa da murhu. Kunzes takan ce in haka ne, wannan shugaban sufaye ce, domin ba ta taɓa ganin wanda ya iya sa mutane hidima kamarta ba.

Hidimar kuwa a kan Rabgyas ta faɗa, don hannunsa ya san gashi. Kullum da hantsi yakan kwantar da ita a gefe a kan gwiwarsa, ya ɗaga gashin sama, ya fara tajewa daga na can ƙasa kusa da fata, layi-layi, kamar yana shirya zaren tsaye. Ya san inda yake cukurkuɗewa: bayan kunne, hammata, da tushen jela. In ya tarar da ƙulli ba ya ja, da yatsu yake warware shi. Ya goge mata gefen ido da tsumma mai ɗumi, don idonsu ba ya rabo da kwantsa, ya ɗaure gashin goshi da jan zare don kada ya riƙa sukar ƙwayar idon. Ya ɗaga kunne ya shinshina. Lokacin girbi yakan bi tsakanin yatsunta yana zare ƙaiƙayin sha'ir kafin ya huda fata. Lokacin sanyi kuma ya rage gashin tafin ƙafa, don ƙanƙara na dunƙulewa a ciki har ta kasa takawa. Da ya lura tana dira daga taga da ƙarfi, ga ta da dogon baya da gajerun ƙafafu, sai ya sassaƙa mata 'yar matakala. Ta yi wata guda tana kewaye ta kafin ta yarda ta taka.

Abincinta a zamanin Kunzes ba shi da yawa: garin sha'ir da aka dama da ruwan ɗumi, ɗan kindirmo, da tsokar nama in an samu. In Kunzes na shan shayi, Sermo takan zauna a gabanta ta kafa mata ido. Kunzes ta tsoma ɗan yatsa a ƙoƙo ta ba ta ta lasa, ta ce, "Shi ke nan, uwar kwaɗayi, tashi."

Kunzes ta rasu a wani kaka, bayan ciwon ƙirji da bai daɗe ba. Aka yi abin da ake yi. Sufaye suka zo suka yi karatu, aka kunna fitilun man shanu, da kwanakin addu'a suka cika kowa ya koma gidansa. Chuskit ta ce uban ya biyo ta Leh, ya ce masaƙa ba ta son hayaniya.

Kowa a gida yana da ƙoƙonsa na katako, kuma na Kunzes yana da bakin azurfa da ya ɗan lotsa a gefe. Washegarin da gidan ya yi shiru, Rabgyas ya kaɗa shayi kamar kullum, da man shanu da gishiri, ya zuba a nasa, hannunsa ya wuce da kansa ya zuba a nata. Ya ga abin da ya yi, bai zubar ba. Ya bar shi a kan ɗan teburin da ke gefen murhu, man ya daskare a sama. Haka ya riƙa yi kullum. Wata safiya ya fita ba jaki ciyawa, ya dawo ya tarar da Sermo a kan shimfiɗar Kunzes, gemunta sharkaf da mai, ƙoƙon kuma fes.

Bai tsawata mata ba. Daga ranar ƙoƙon ya samu mai shi. Ya zuba nasa, ya zuba nata. In ta shanye ya ƙara, don ba a barin ƙoƙon mutum a bushe. Har yakan jefa mata ɗan curin man shanu a kai, yadda ake yi wa babban baƙo. Sermo ta yi ƙiba, gashinta ya yi sheƙi, mutane suna cewa ai karyar masaƙi ta fi masaƙi kyan gani. Shekara biyu aka yi a haka.

Ranar da ta fara ƙi, maƙwabcinsa Meme Tsultim yana nan. Tare suka yi kiwon awaki suna yara, kuma tun lokacin bakinsa bai huta ba. Rabgyas ya tura wa Sermo ƙoƙo, ta shinshina, ta kawar da kai.

"Kai, masaƙi, ka ga abin da na gani?" in ji Tsultim. "Yau karyarka ta zama 'yar gari. Kara take yi maka."

"Sha mana," Rabgyas ya ce mata.

Ta sake kawar da kai.

"Na rantse ta fi surukata tarbiyya. Waccan tun kafin ka ɗaga buta ta miƙo ƙoƙo, da na ɗanta, da na ɗan da ba ta haifa ba. Matsa mata, ɗan'uwa. Kai wane irin mai gida ne? Sau ɗaya za ka yi tayi ka yi shiru?"

Rabgyas ya bi ta da ƙoƙon har bakin taga. Ya tsoma yatsa ya shafa mata a leɓe. Ta lasa don ba yadda za ta yi, ta ɗan sha, ya ji daɗi. Tsultim ya yi ta dariya har da tari, ya fita ya ba duk wanda ya gamu da shi labarin karyar da ta iya kara.

Ba wauta ce ta sa Rabgyas ya yarda ba. Shekara saba'in da wani abu bai taɓa ganin wanda ya ce a'a ga shayi yana nufin a'a ba. Har Kunzes, a kwanakinta na ƙarshe, takan rufe ƙoƙo da hannu, ya matsa, ta sha. To da Sermo ta ƙi, abin da ya sani shi ya yi. Ya ƙara man, ko bai ji ba ne. Ya sauya ganyen. Ya ɗumama, ya bi ta ƙarƙashin tebur yana lallashi. Takan sha kaɗan, ta fita bayan gida ta amayar. Ruwa kuwa ta riƙa sha kamar ba gobe, har tana lasar ƙanƙarar bakin rariya. Ta daina hawa taga. Takan tsaya ta miƙe ƙafafun gaba, ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama, ta daɗe a haka. Tsultim ya ce ga shi nan, sufin ya tuna da sujadarsa. Da Rabgyas ya zo taje ta ya taɓa cikinta, sai ta kai masa cizo, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ana cikin haka Chuskit ta zo karɓar mayafan da ya saƙa mata. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Aba-le," ta ce, yadda suke kiran uba, "ina Sermo? Ban ji haushinta ba."

"Tana ciki. Kwana biyu tana jan aji."

Chuskit ta durƙusa ta jawo ta daga ƙarƙashin tebur. Ta ɗaga leɓenta ta ga dasashi ya bushe, ta ji warin bakinta, ta shafa jikinta ta ji ƙashi a ƙarƙashin gashin.

"Jan aji? Aba-le, mutuwa take yi. Me take ci?"

"Ba ta cin komai. Shayin ma sai na yi da gaske."

"Wane shayi?"

Ya nuna ƙoƙon da haɓa. Chuskit ta kalli ƙoƙon uwarta, cike, man yana yawo a sama. Sannan ta ce, "Ɗauko rigarka. Motar rana ba ta wuce ba."

Ya sa Sermo a ƙirjin rigarsa, yadda sufin ya kawo ta. A hanya ya yi ta jan carbi.

Likitar dabbobin da suka samu a Leh yarinya ce, ba ta kai Chuskit ba. Ta danna cikin Sermo a hankali, karyar ta yi ƙara. Ta ɗebi jini, ta sa mata ruwa ta jijiyar ƙafa bayan ta aske gashin wurin. Rabgyas ya sunkuya ya tsince gashin daga ƙasa ya sa a aljihu.

"Meme-le, shayin man shanu kake ba ta?" in ji likitar.

"Ƙoƙo biyu, wani lokaci uku. Mai kyau ne, 'yata. Man daga saniyar Tsultim yake."

"Na yarda mai kyau ne. Ni ma da shi aka raine ni. Amma dubi girmanta, dubi naka. Man ya kumbura mata ciki, shi ya sa take wannan sunkuyon, ciwo ne. Gishirin kuma ya gajiyar da ƙodarta, irinsu da ma ƙodarsu ba ta da ƙarfi. Ganyen shayin kansa ba na kare ba ne. Ba ku kaɗai ba ne, ina yawan ganin irin haka. Tun yaushe ta fara ƙi?"

"An kwana biyu."

"Da ta ƙi, sai ka yi yaya?"

"Sai na matsa mata."

"Don me?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi don me ake rufe ƙofa in ana sanyi. "To ai ba a barin mutum a kan a'ar farko."

Likitar ta so ta yi dariya, ta kalli fuskarsa ta fasa. "Meme-le, kare ba ya kara. In ta ce a'a, a'a ce. Ranar da ta ƙi abinci, gaya maka take ba ta da lafiya. Za ta iya tashi, amma in ta koma kan ƙoƙon nan, ba za ta ga bazara ba. Ruwa zalla, abinci marar mai, kaɗan-kaɗan."

Suka yi kwanaki a gidan Chuskit ana kai ta ana dawo da ita, har ta fara karɓar shinkafa da farfesun kaza marar gishiri. Ranar da ta yi wa mijin Chuskit haushi, Rabgyas ya ce lokacin komawa ya yi.

A gida ne abin ya yi wuya. Da safe ya kaɗa shayi, ƙarar kaɗawar ta fito da Sermo, ta hau shimfiɗar Kunzes ta zauna gaban ƙoƙon. Ta warke har kwaɗayin ya dawo. Ya zuba nasa, ya riƙe butar a sama. In ya zuba mata, ya san abin da zai biyo baya. In bai zuba ba, ga ƙoƙon Kunzes a bushe, ga ido biyu a kansa, shi kuma bai taɓa shan abu wani na zaune yana kallo ba. Ya mayar da nasa cikin buta.

Ya gwada zuwa gidan Tsultim ya sha a ɓoye.

"Ka ga mutumin da ke gudun karyarsa," in ji Tsultim. "Goge gashin bakinka da kyau, kada uwar gida ta gane."

Ta kuwa gane. Yana shiga ta shinshina gemunsa, ta sauka ta juya masa baya har yamma. Ya gwada ɗaga ƙoƙon ya sa a kan kanta cikin tukwanen tagulla. Bai kai rana tsaka ba ya sauko da shi, don ɗakin ya yi masa wani iri.

Wata safiya yana ɗakin addu'a yana cika 'yan kwanonin da ake jerawa gaban gumaka, aikin da Kunzes ke yi da, sai ya tsaya da butar a hannu. Abin da yake zubawa ruwa ne. Ba mai, ba gishiri. Shi ake ba waɗanda suka fi kowa daraja, kullum, kuma ba wanda ya taɓa cewa an rena su. Ya ƙarasa cikawa, ya fito ya ɗora ruwa a murhu. Da ya yi ɗumi ya zuba a ƙoƙon Kunzes, ya zuba a nasa. Sermo ta shinshina, ta ɗago ta kalle shi. Ya ɗaga nasa ya kurɓa. Bai ce mata sha ba. Ta daɗe tana nazari, yadda take yi wa baƙo, sannan ta sa baki.

Tun daga nan bai ƙara shan shayin man shanu ba. Yana kaɗa wa baƙi, amma sai ya kai Sermo rufin ɗaki ta sha rana tukuna. Kuma ya daina matsa wa kowa. Tsultim ne ya fara ɗanɗanawa. Ya rufe ƙoƙo da hannu ya ce ya ƙoshi, Rabgyas ya ce to, ya ajiye buta.

"Kai! Ina za ka da ita?"

"Ka ce ka ƙoshi."

"Yau ka fara jin na ce na ƙoshi? Shekara nawa ina cewa na ƙoshi a gidan nan?"

"In kana so ka ce kana so."

"Ni ba kare ba ne, masaƙi."

"Shi ya sa nake tambayar ka."

Tsultim ya zauna yana huci, yana kallon butar. Can ya tura ƙoƙon gaba da yatsa ɗaya, yana kallon rufi. "Zuba. Amma kada ka gaya wa surukata."

Wasu sun ji haushi, wasu sun ce tsufa ne. Sufayen da ke zuwa karatu duk wata suka koyi karɓa a tayin farko, kuma an lura ƙananan cikinsu sun fi son gidan da kowane gida.

Sermo ta ga wannan bazarar, ta ga wasu da dama bayanta. Ba ta ƙara yin ƙiba ba. Gashin ƙafar da aka aske ya fito fari, bai koma ruwan zuma ba. Da ta tsufa idonta ya yi hazo, ta daina hawa taga ko da matakala, amma kunnen bai gaza ba, har ƙarshe ita ke tayar da ƙaton karen ƙofa. Duk ranar da ta bar abinci a kwano, sai Rabgyas ya ɗauko rigarsa ya fita jiran mota. Sau da yawa likitar takan duba ta ce ba komai, ƙoshi ne kawai. Ya ce to, ya koma.

Ta riga shi tafiya da shekara ɗaya, a kan shimfiɗar Kunzes, da hantsi, bayan ya gama taje ta. Gashin da ya tara daga mataji tsawon shekarun nan ya ba matar Tsultim ta kaɗa, ya haɗa da ulun tunkiya ya saƙa ɗan siririn ɗamara, shi ne saƙarsa ta ƙarshe. Da ita aka ɗaure masa riga ranar da aka fitar da shi. Ƙoƙon Kunzes yana wurin Chuskit a Leh, a ɗakin addu'a, a ƙarshen layin kwanonin ruwa. Ya fi sauran girma, bai dace da su ba, amma tana cika shi.